Daga Turke Zuwa Gona: Ƙananan Ayyukan Da Ke Riƙe Da Karkarar Kano

Ladan bai gama kiran assalatu ba aka hura wuta a gidan. Ƙarshen bazara ne, a wani ƙauye tsakanin Gezawa da Minjibir. Kwana uku ke nan hadari na haɗowa daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska ta zo ta kwashe shi.

Uwargida ta ɗora ruwan koko ta ɗauki tsintsiya. Kafin gari ya gama wayewa ta share tsakar gida, ta tura sharar bayan turken awaki, ta juye tokar jiya a kai. Ta buɗe akurki ta ƙirga kaji da ido. Ta leƙa randa ta ga saura ƙiris, dole a tashi yarinya ta kama layin famfon tuƙa-tuƙa tun bai yi tsawo ba. Ga dawar da aka surfa jiya tana jiran a kai ta inji. Ga jaririn amarya, yau ce ranar komawa rigakafi, in har an ga inda aka ajiye katin.

Maigida ya dawo daga masallaci ya tsaya gaban katangar gabas, wadda ruwa ya fi duka. Indararon ɗakin tsakiya ya karkace tun bara, ƙarƙashinsa ya zaizaye har ana ganin tubali.

"Malam, a dai tuna da indararon nan," in ji uwargida, ba ta ko ɗago daga shara ba.

"To. In na dawo, in sha Allahu."

Har zuciyarsa yake nufi. Sai dai akwai sauran taki mangala shida da ba a kai gona ba, ƙotar fartanya ta tsage, tunkiya ɗaya ta ƙi cin dusa tun daren jiya. Yaran da za su kama masa kuwa, babban yana Legas, mai bi masa yana Kano, ƙaramin yana neman takalminsa don kada a yi masa bulalar latti a makaranta.

Cikin ayyukan nan babu wanda zai cinye awa biyu. Ba a biyan kowa a kansu, babu kuma ma'aikacin gwamnatin da ya taɓa zuwa ƙirga su. Amma duk wanda ya san karkarar arewacin Kano, daga Ungogo da Dawakin Tofa har Bichi, Dambatta, Makoɗa, Kunchi da Gabasawa, ya san su ke riƙe da gida da gona. Ƙorafin da ake ji yanzu a kusan kowane gari iri ɗaya ne: aiki ya fi ƙarfin hannayen da suka rage.

Ƙasar da ba ta san hutu ba

Tun a 1851 da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano ta hanyar Katsina, ya yaba da yadda ƙasar ta cika da gonaki da ƙauyuka da manyan itatuwa. Abin da ya gani ba baiwar daji ba ce kawai. Gumin mutane ne na ɗaruruwan shekaru.

Sama da shekara 100 bayan haka, masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya ya dawo Jami'ar Bayero, ya auna yankin da ke kewaye da birnin Kano. A rahoton da ya fitar shi da abokin aikinsa a 1965, ya nuna cewa mutum sama da miliyan 2 ne ke zaune a wannan zagaye, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana nome ta duk shekara. Yau jama'ar ta ninka, ƙasar kuwa ba ta ƙaru da ko taku ɗaya ba.

A wasu sassan Arewa, idan gona ta gaji sai a bar ta ta zama saura, a sari sabon daji. A nan babu dajin da za a sara. Ƙasar rairayi ce, damina wata huɗu ce kacal, ruwan da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 900 ba, wani lokacin ma ya gaza haka, kamar yadda aka gani a farin 1973 da na 1984.

To ta yaya gonar da kakan kakan mutum ya noma, ba ta taɓa hutawa ba, har yau take ba da gero?

Sarƙar da ta faro daga tsintsiya

A shekarun 1990, wata mai bincike daga Ingila, Frances Harris, ta yi aiki da manoman Tumbau a ƙaramar hukumar Gezawa, tana auna abin da ke fita daga gona da abin da ke komawa cikinta. Abin da ta gano, manomin Tumbau zai ce ai tun yana yaro ya san shi. Duk da haka ya kamata a jera shi, don a ga yadda ƙananan abubuwa suka saƙu da juna.

Ana shuka wake da gyada a tsakanin gero da dawa, saiwarsu na mayar wa ƙasa ƙarfi. Da kaka a tattara harawa a ɗaure, a ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki, inda dabba da gara ba za su kai gare ta ba. Karan dawa ma ba a barinsa a gona: na danga ne, na wuta ne, ganyensa abincin dabbobi.

Da damina kuwa tumaki da awaki na ɗaure a turke, don ko'ina gona ce, babu inda za a sake su. Sai an yanko musu ciyawa safe da yamma, an ba su ruwa, an zuba musu dusa. Kashinsu da fitsarinsu da ragowar ciyawa na taruwa a ƙarƙashinsu, ana ƙara musu toka da ƙaiƙayi da sharar tsakar gida.

Idan rani ya yi, a kwashe wannan taki a mangala, jaki ko amalanke ya kai gona, a zuba shi tsibi-tsibi yana jiran ruwa. Binciken Tumbau ya nuna manomi kan zuba wajen tan 4 a kowace hekta. A lissafa sawun jaki nawa ke nan. Ƙurar hunturu ma na kawo nata gudummawar, haka gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka hasken rana, ya kuma ba awaki 'ya'yansa da rani.

Manoman da ke kusa da birni sun daɗe da ƙarin wata dabara. A da, jakuna kan shiga Kano da itace su fito da sharar birni. Yanzu tifa ke kawowa, sai dai sharar zamani cike take da leda da fasassun kwalabe, tsince su ya zama wani sabon aikin da kakanni ba su sani ba.

A dubi sarƙar nan da kyau. Kowane zobe nata aikin minti ashirin ne ko talatin. Yaron da bai yanko ciyawa yau ba, akuyar ba za ta mutu ba. Amma idan rashin ya zama ɗabi'a, sai akuyar ta rame, a sayar da ita a wulaƙance, turke ya zama wayam, juji ya ƙi tasowa. Baɗi sai a ji maigida na cewa gonar ta mutu. Ba ranar ta mutu ba.

Shi ya sa nake ganin tsintsiyar uwargida ta asuba ita ce farkon damin gero. Tun da takin zamani ya yi tsadar da ya yi daga 2022 zuwa yau, wanda ya raina juji ma ya dawo yana lallaɓa shi.

Wa ke tuna wa mutane?

Ma'aikacin ofis a birni kan rubuta ayyukansa a takarda ko ya sa a waya. Karkara tana da nata kundin tun kafin takarda ta yi araha, kuma ba a rubuce yake ba.

Na farko, lokutan salla. Ba a cewa ƙarfe kaza, sai dai bayan asuba, da hantsi, da walaha, kafin azahar, bayan la'asar, da almuru. Kowane aiki an rataye shi a jikin wani lokaci. Shara da ba dabbobi abinci na bayan asuba ne. Kai wa manoma abinci gona na hantsi ne. Surfe da ɗora tuwon dare na bayan la'asar. Kora kaji akurki na almuru. Wanda ya ji kiran salla ya ji kiran aikin da ke biye da ita.

Mako kuma ranakun kasuwa ne suka yanka shi. Gishiri, kanwa, gyaran fartanya a wurin maƙeri, sayar da ɗan akuya, duk sai ranar da kasuwar Bichi ko ta Dambatta ko ta Gezawa ke ci. Wanda ya manta sai ya jira ta zagayo. Juma'a ta wanki ce da aski da ziyara.

Shekara kuwa akwai lissafin taurari da malamai da dattawa ke riƙe da shi, tauraro 28, bakwai ga kowane yanayi, kowanne kimanin kwana 13. Da shi ake kintatar lokacin sharar gona, da lokacin da shuka ta fara makara.

Sai gandu. A tsarinsa na asali, 'ya'ya maza, har da masu aure, na noma gonar uba daga safe zuwa azahar, sauran yinin kowa ya tafi gayaunarsa. Uba ne ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa ɗa aure. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, gandu ba noma kaɗai yake tsarawa ba. Akwai mutum ɗaya da aikinsa shi ne ya zagaya gida da ido ya ce wane yi kaza, wane yi kaza. A cikin gida ma haka uwargida ko kakar yara take, ga rabon girki tsakanin matan gida da ke ba kowacce ranar numfasawa.

Ƙarshe, kuma mafi girma, yara. Masaniyar halayyar al'umma Enid Schildkrout, da ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda yara suke ƙafafun matan da ke cikin kulle: su ne aike, su ne talla, su ne ɗiban ruwa, su ne kai niƙa. A ƙauye sai a ƙara musu da yankan ciyawa da korar tsuntsu da kora jaki.

Hannaye sun ragu

Wannan kundin ne ke yagewa shafi-shafi.

Gandu ya raunana. Gado na raba gona kowane ƙarni, har ta kai uban da ke da 'ya'ya maza biyar ba shi da filin da zai riƙe ko biyu. Harajin da yake biya musu ma an soke shi tun zamanin Gwamna Abubakar Rimi a 1979, abin da talakawa suka yi murna da shi, amma ɗaya ce daga igiyoyin da suka ɗaure ɗa a gidan uba. Yanzu saurayi na yin aure ya ware tukunyarsa. Inda mace huɗu ke karɓa-karɓar murhu ɗaya, an koma murhu huɗu, kowacce na hura nata kullum.

Ci-rani ma ya sauya kama. A da ana tafiya bayan an kai amfani gida, a dawo kafin ruwan farko. Yau mai acaɓa ko gadi ko garuwa a Legas, Abuja ko Fatakwal ba zai saki wurinsa na wata huɗu ba, don wani zai maye. Sai ya turo kuɗi a ɗauki 'yan ƙwadago. Kuɗin na taimakawa ƙwarai, babu mai musun haka. Sai dai ɗan ƙwadago huɗa da noma yake yi, ba ya duba ko gara ta kama ƙafar rumbu.

Sai makaranta. Tun shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976, da tsarin ilimi kyauta kuma dole da Kano ta ƙaddamar a 2019, da dokar ta-ɓaci kan ilimi ta 2024, gwamnatoci na kiran yara aji. Yaro ya yi allo da asuba, boko da safe, Islamiyya da yamma. Wannan alheri ne, kuma duk wanda ya ce a mayar da yara turke don taki ya taru bai so su da arziki ba. Amma gaskiya ce cewa awannin da yaron ya tafi da su, wani ne zai biya.

Tsadar rayuwa ta zo ta ɗora nata. Injin niƙa da babur da injin ban-ruwa sun rage wa mutane wahala shekara da shekaru. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta kai wajen 1,000. Kuɗin niƙa da na acaɓa suka bi ta. A gidaje da dama turmi da taɓarya sun dawo bakin aiki, tafiyar da babur ke yi a minti goma ta koma ta ƙafa.

Abin da jinkiri ke ci

Na taso a gidan ƙasa, kuma na taɓa ganin katanga ta kwanta cikin dare a watan Agusta. Allah ya tsare ba kowa a gindinta. Abin da ba na mantawa shi ne, duk mutanen gidan sun san tsagar, sun wuce ta gabanta wata uku. Yaɓen da kwandon ƙasa biyu da ɗan makuba zai isa, ya koma ginin sati biyu ana tsakiyar maimai. Kusan kowace damina ana jin labarin rushewar gidaje a ƙananan hukumomin Kano. Ambaliya na da laifinta, amma ginin ƙasa gini ne da ke neman hannu duk shekara.

Gona ma haka take. Noman farko idan ya makara da mako ɗaya ko biyu, ciyawa ta riga ta sha abincin shuka. Wuta-wuta kuwa, ƙwaya ɗaya da aka bari ta yi fure na iya zubar da dubban iri, irin kuma ya yi shekara goma ko fiye a cikin ƙasa yana jiran gero da dawa. Tuge ta a kan lokaci aikin ɗan sunkuyo ne a hanyar komawa gida.

Wake ya fi kowa rashin haƙuri. Idan ba a shanya shi ya bushe ba, ba a adana shi da kyau ba, cikin 'yan watanni ƙwari sun mai da shi gari. Daga wajen 2007 aka fara yaɗa buhun PICS, wanda masana Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro: leda biyu a ciki, buhu ɗaya a waje, ƙwaro ya rasa iska ya mutu ba tare da magani ba. Amma shi ma sai an duba ko leda ta huje, an matse iska, an ɗaure kowace daban, an ɗaga shi daga inda ɓera zai kai. Mai gaggawa sai ya yayyafa fiya-fiya ya wuce. Irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Wanda Turawa suka ƙi, mu muka ci.

Mafi ciwo shi ne na lafiyar yara. Allurar da ke kare jariri daga mashaƙo sau uku ake yin ta, a mako na 6 da na 10 da na 14, ta ƙyanda kuma a wata na 9. Ko da an samu zuwa na farko, na biyu da na uku kan faɗo ranar shuka, ko ranar da babu kuɗin babur, ko ranar da maigida ba ya nan balle a nemi izini. Da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma akasarinsu yaran da ba su kammala rigakafi ba ne.

Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa yara 'yan ƙasa da shekara 5 gida-gida duk wata da damina, na kwana uku ne. Ma'aikata na ba da na ranar farko a gabansu, na kwana biyun da suka rage sai uwa ta tuna. Uwar da ke girkin 'yan ƙwadago goma.

Kowa da abin da yake gani

Idan ka zauna da dattawa a gindin darbejiya, hukuncinsu a shirye yake: yaran yanzu ba sa son wahala. Za su nuna maka teburin mai shayi da shagon cajin waya da gidan kallon ƙwallo. Za su ce a zamaninsu ba a aiken yaro sau biyu.

Samari na da amsa. Gonar da za a gada, in an raba, ba ta fi a shanya tabarma ba. Wanda ya yini a kasuwar Dawanau yana dakon buhu ya dawo da kuɗi a hannu, da su ake cefane, da su aka sayi buhun takin da dattijon ke alfahari da shi. Suna ganin ana cin kuɗinsu ana kuma zagin tafiyarsu.

Malaman makaranta na ƙorafin cewa da zarar ruwa ya sauka aji ya kwashe, kuma yarinya ce ta fi zuwa a makare, ta fi yin gyangyaɗi, don ita aka tasa ɗiban ruwa. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya taɓa ƙiyasta cewa mata da 'yan mata a duniya na ƙarar da awa wajen miliyan 200 kowace rana wajen ɗiban ruwa kaɗai. Wani kaso na awannin nan a layin tuƙa-tuƙan Kunchi da Tsanyawa ake ƙarar da shi.

Mata kuwa ba su cika dogon bayani ba. Abin da za ka ji shi ne aikin gida ba ya ƙarewa, sai dai a gaji a bari. Mace ɗaya ce mai girki, mai wanki, mai raino, mai jinyar tsohuwa, mai kula da awaki. A tsakanin waɗannan take soya ƙosai ko matsar man gyada ko dama fura, don da ribar take zubin adashe, take tara kayan ɗakin 'yarta, take toshe ɓarakar cefane ba tare da kowa ya ji ba. Masaniyar tattalin arziki Polly Hill, da ta yi bincike a Batagarawa ta Katsina da kuma Ɗorayi a gefen Kano, ta daɗe da nuna cewa akwai babbar kasuwa a ɓoye cikin gidajen Hausawa, mata ke tafiyar da ita.

Duk da haka, idan mai ƙidaya ya tambayi maigida sana'ar matarsa, sau da yawa sai ya ce ba ta komai, tana gida. Wannan magana ta daɗe tana ba ni haushi. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da ba a biya, mata ke yin sa. A karkarar Kano sai a ƙara da cewa aikin da ɗan ci-rani da ɗan makaranta suka bari, yawancinsa a kanta ya sauka.

Su kansu masana ba bakinsu ɗaya ba. Mortimore ya fi ganin yawan jama'a a matsayin ƙarfi, don yawan hannaye ne ya sa ƙasar ba ta mutu ba. Polly Hill, a littafinta na 1977 kan karkarar Kano, ta fi ganin talaucin da cunkoso ke haifarwa ga wanda gonarsa ta ƙanƙance. Ina ganin duka biyun sun faɗi gaskiya. Jama'a na nan, sun ma ƙaru. Waɗanda ke gida a lokacin da aikin ke kira ne suka ragu.

Duk da haka, ban wanke maza masu zaman majalisa gaba ɗaya ba. Akwai magidancin da zai zauna a bakin titi daga la'asar har magariba, matarsa na faskare da goyo a baya. Wannan ba tsadar fetur ba ce.

Abin da wasu gidaje ke yi

Gidajen da aiki bai binne su ba, ba lallai su ne masu kuɗi ba. Abin da na lura da shi a wurinsu, sun farfaɗo da tsohuwar dabarar nan ta rataye aiki a jikin lokaci, kuma kowane aiki yana da mai shi. Ba a cewa a ba awaki ruwa. Ana cewa wane, kafin ka tafi Islamiyya. Aikin da aka ce "a yi" shi ne wanda ke kwana.

Waya ma da dattawa ke zagi ta shiga hidimar. Ɗan ci-rani kan bugo ya ce, "Baba, an kai takin kuwa? Na turo na mai amalanke." Budurwar da ta yi sakandare kan sa ƙararrawar waya don maganin ƙaninta, ko ta zagaye ranar rigakafi a kalandar da ke bango. Wasu matan na haɗa kati da abin da ba sa rabuwa da shi, kamar kwanon da suke ajiye kuɗin adashe.

Maƙwabta kan haɗa niƙa, yaro ɗaya ya kai na gida uku, gobe wani ya karɓa. Gayya ba ta mutu ba, ta dai ƙanƙance: abokai huɗu ko biyar su yi yaɓen gidan wannan yau, na wancan jibi. Hannu ɗaya dama ba ya ɗaukar jinka.

Akwai abin da ya fi ƙarfin gida. Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a tsakiyar gari na mayar wa yarinya awa ɗaya ko biyu a kowace safiya, muddin akwai wanda aka ɗora wa gyaranta, don karkara cike take da famfunan da ƙaramin ƙarfe ɗaya ya kashe. Asibitin sha-ka-tafi da ke yin rigakafi ranar kasuwa ya rage wa uwa tafiya guda. Manyan madatsun ruwa irin su Watari da Thomas, gadon tsarin da Gwamna Audu Bako ya faro, ana ganinsu daga nesa, ana yi musu bikin buɗewa. Roba ɗaya ta famfo ba ta da biki, shi ya sa ake mantawa da ita.

Sai maganar da ba a cika so a majalisa ba. Malamai na karantar da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana hidimar iyalinsa a cikin gida, sai lokacin salla ya yi ya fita. Ana jin wannan a wa'azi, a gyaɗa kai. Na ga magidanta, ba su da yawa, da suka mai da faskare da ɗiban ruwa a babur da kai yaro rigakafi nasu, ba wanda ya rage musu girma a gari.

A gidan nan na tsakanin Gezawa da Minjibir, maigida ya kai taki mangala huɗu kafin azahar, biyu suka rage. Bayan la'asar bai fita ba. Ya kwaɓa ƙasa, ɗan autan ya dawo daga makaranta yana miƙa masa, suka daidaita indararon suka yaɓe gindinsa. An ga katin jariri a ƙarƙashin katifa, amma sai da rana ta yi, ma'aikatan sun riga sun tashi, an ce a dawo mako mai zuwa.

Bayan lisha iska ta juyo da ƙanshin ƙasa. Uwargida ta kwashe shanya, ta jera bokitai da baho a ƙarƙashin indararo, ta ce wa amarya ta fito da ƙwaryar iri a ajiye kusa, gobe da asuba shuka.